Yadda Na Karya Taliyar Tsawon Rai a Manchester

Tun da na dawo daga Manchester 'yan ajinmu na Hausa na ranar Asabar ba su bar ni na huta ba. "Sa'a, me kika ci?" "Sa'a, da gaske da tsinke suke cin shinkafa?" "Sa'a, wai an ce kin yi ɓarna?" Wannan ta ƙarshen aikin Gwaggo Jummai ne, domin abin da ya shiga kunnenta ran Lahadi, kafin Talata ya zaga Birmingham, daga Small Heath har Lozells. Ni kuwa kun san ni, in mutum uku suka zuba mini ido harshena naɗewa yake yi. Shi ya sa Malama ta ce in rubuta, mai so ta karanta. To ga shi. E, na yi ɓarna. Amma ku bari in kai ku wurin a hankali, yadda bas ta kai ni.

Ga waɗanda ba su san Mei ba: ita ce ta fara yi mini magana a makaranta lokacin da muka zo daga Kano, ina 'yar shekara goma, ina zaune a ƙarshen aji ban ma san inda ake rataye jaka ba. Iyayenta 'yan asalin Hong Kong ne. Shekara huɗu muna tebur ɗaya, ita ke magana, ni ke kallo. In malami ya tambaye ni abu na daskare, sai Mei ta ba shi amsa ta ce, "Abin da Sa'a take nufi ke nan." Bara kakarta ta wajen uwa, wadda suke kira Popo, ta faɗi a banɗaki a Manchester, ta kwana biyu a asibiti. Sai su Mei suka tattara daga unguwar Erdington suka koma can don su kula da ita. Daga nan saƙonninmu suka fara gajarta. Na rinƙa ganin hotunanta da sababbin ƙawaye, duk bakinsu a buɗe, alamar masu surutu ne. Ranar da ta gayyace ni bikin cikar Popo shekara tamanin da ɗaya, na san ba biki kawai za ni ba. Za ni in ga ko har yanzu ina da wuri.

Sai da Mama ta yi mako biyu tana cewa "za mu gani". Abin da ya cece ni biyu ne: ita da maman Mei sun yi aiki a asibiti ɗaya, kuma Gwaggo Jummai, ƙanwar Baba, za ta suna a Cheetham Hill, can Manchester ɗin, a wannan Asabar ɗin. Da safe Mama ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta yi mini huɗuba.

"Ke Sa'adatu, saurara. Baƙuwa mace ba ta zama a gidan mutane kamar hoto. In kin ga aiki ki kama, kada ki jira a ce miki. Ban yarda a ce 'yata ta je ta miƙe ƙafa ana yi mata bauta ba. Kin ji ni?"

"Na ji, Mama."

"Kuma ki buɗe bakin nan ki yi gaisuwa a ji."

Ku riƙe maganar nan ta kama aiki. Za mu dawo mata.

A tashar Digbeth, Gwaggo ta iso da kayan da ya ishi mai ƙaura: bokitin cincin, kula biyu, jakar atamfa, da wata leda da ta ƙi yarda a sa a ƙasan bas. Kafin mu bar gari ta san sunan direba, ta san cewa tsohuwar Baturiyar da ke gefenmu za ta ganin jikanta, har ta ba ta shawarar man zafi don gwiwa, ta ce likitocin nan ba su san komai a kan gwiwa ba. Ni ina jikin taga ina ƙirga tumaki. Tumakin ƙasar nan duk an shafa musu fenti a baya, wasu shuɗi wasu ja, kamar 'yan makarantu daban-daban.

Ledar nan yajin jego ne a ciki. Mun wuce Stoke kaɗan direba ya taka birki, leda ta faɗi, bakinta ya buɗe. Wani mai kwat a gabanmu ne ya fara atishawa, sai ta bi layi har bayan bas. Gwaggo ko a jikinta. Kowa ya yi sai ta ce, "Sorry, my dear, it's medicine," ta juyo gare ni, "Ai magani ne, ƙarya na yi?" Ni na ja hijabi na rufe har hanci, ba don yajin ba.

Ba a buga fasfo tsakanin Birmingham da Manchester, amma akwai iyaka, kuma na gan ta: wurin da aka tsaya shan mai ne, inda ruwan sama ya fara, bai kuma sake tunanin tsayawa ba sai da muka dawo. Direba ya ce minti goma sha biyar. Gwaggo ta ce za ta yi alwala. Kowa ya dawo ban da ita, direba ya tayar da mota. Abin da ya kamata in ce bai fi kalma huɗu ba, amma suka ƙi fitowa. Sai na je na tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje, na zuba masa ido. Ya ce, "Shiga za ki yi ko fita, love?" Na yi shiru. Ya sake tambaya, na sake yin shiru. Haka muka tsaya ni da shi har Gwaggo ta taho tana ɗaga zani, takalmi ɗaya a hannu.

"Kin ga amfanin shiru-shiru," in ji ta da muka zauna. "Da mai baki ce da ya lallashe ta."

Mei da mamanta suka tare mu a tasha. Gwaggo ta danƙa ni kamar ajiya, ta ce gobe da la'asar za ta karɓi kayanta. Mei ta ƙara tsawo, ta kuma fara magana da irin harshen Manchester. Hirar da zan kawo daga nan da Turanci aka yi ta, ni na mayar muku da ita. A mota ta yi ta ba ni labarin wasu sunaye da ban sani ba, ina "uhm". Ban taɓa yi wa Mei "uhm" ba sai ran nan.

Gidan siriri ne mai hawa uku a Levenshulme. A bakin ƙofa ake tuɓe takalmi, wannan ya kwantar mini da hankali. Ɗakin Mei yana can ƙarƙashin rufi, silinsa a karkace, sau uku ina ƙwala kai a wuri ɗaya. A jikin bango kusa da katifata na ga an liƙa 'yar kibiya ta takarda. Mei ta ce mamanta ce ta duba alƙibla a waya ta liƙa mini. A kicin kuma Anti, haka nake kiran maman Mei, ta nuna mini sabuwar tukunya da takardar kanti ba a ma ɓare ba, da kaza daga shagon halal. Ta ce gobe kowa abin da zan iya ci zai ci. Na ce "na gode" a ciki, inda ba wanda ya ji.

Popo tana falo a kujera mai hannu, 'yar ƙarama, gashinta fari fat, an yanke shi daidai kunne. Na tuna huɗubar Mama, na durƙusa har ƙasa don in gaishe ta. Sai ta leƙo tana duba kafet. Anti ma ta sunkuya tana dubawa. Mei ta ce, "Me ya faɗi?" Muka taru mu huɗu muna neman abin da ba a yar ba, ni ma har da ɗaga gefen kafet, don na ga ya fi sauƙi a kan in yi bayani. Da Mei ta gano, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta fassara wa Popo. Popo ta kalli jikarta ta ce wani abu a harshensu.

"Wai in koya," in ji Mei. "Kin ja mini."

Gaisuwarsu ba tsawo. Mu sai mun tambayi gajiya, da gida, da sanyi, da mutanen da ba mu ma sani ba. Popo tambaya ɗaya ta yi: "Kin ci abinci?" Na ce e. Aka kawo abinci. Ashe amsar ba ta canja komai, kamar dai a gidanmu. Tsinkayen cin abinci kuwa, amsar tambayarku ita ce: da gaske ne, kuma ƙwayar shinkafa bakwai na kai baki kafin Popo ta tura mini cokali ba tare da ta kalle ni ba.

Da yamma matar kawun Mei ta zo, Anti Haruko, ita 'yar Japan ce. Ta shimfiɗa jar takarda a tebur, ta niƙa tawada a kan wani baƙin dutse, ta ɗauki alƙalami mai bakin gashi. Ƙamshin tawadar ya tuna mini da allona na Kano. Harafi ɗaya ta rinƙa zanawa, babba, mai hawa-hawa kamar gidan bene. Ta lura ina leƙe, ta ce in matso.

"Wannan shi ne tsawon rai," ta ce. "Su Popo suna ce masa sau. A Beijing su ce shou. Mu a Japan mu ce kotobuki. Zane ɗaya, baki uku."

Ta ce in an haɗa shi da harafin tsawo, su Popo su ce cheung sau, su kuma su ce choju. Ta nuna mini yana jikin kofin shayin Popo, yana jikin matashin kujera, har a kan ɗan kunnenta. Tun da na shigo nake ganinsa, na ɗauka ado ne. Ta ce a ƙasarsu shekarun tsufa ma suna da sunaye. Wanda ya kai sittin ya yi kanreki, a sa masa jar hula da jar falmaran kamar jariri, wai ya zagayo ya sake farawa. Na yi tunanin Baba da jar hular jarirai, na cije leɓe. Mei ta ƙara da cewa a wajensu maza ne ke biki a tamanin cif, mata sai sun ɗora ɗaya a kai. Na ce a raina, mu namu tsofaffin ba sa ƙirgawa. Hajiya Kaka ta Kano in ka tambaye ta sai ta ce an haife ta shekarar da aka yi fara, Gwaggo Jummai kuma tun zuwanmu ƙasar nan take arba'in da biyar.

Sai Anti Haruko ta zana wasu haruffa huɗu a gefen wata takarda. "Wannan kuma na masu haɗama ne. Furo fushi: ba tsufa, ba mutuwa. Su ma suna da irinsa, cheung sang bat lou. Sarakunan da sun tura jirage neman maganinsa."

Popo, da na ɗauka barci take, ta buɗe ido ɗaya ta ce da Turancinta mai gutsi-gutsi, "Kada ki liƙa mini wannan. Duk wanda ya nema ya mutu. Wancan ɗayan ya ishe ni." Sai ta nuna ni da haɓa. "Ku me kuke ce wa tsoho?"

Ido biyar a kaina. Na ce, "Ranki ya daɗe."

Mei ta fassara. Popo ta ce, "Sau ɗaya a shekara?"

"Kullum. Ko ruwa za a miƙa."

"Ɗayan fa? Na rashin mutuwa?"

Na ce ba mu da shi. Mu in tsoho ya yi addu'a, cewa yake Allah ya sa a cika da kyau. Popo ta gyaɗa kai ta mayar da idonta ta rufe. Na kwanta ran nan ina jin kaina kamar jakadiya. Kalma kusan ashirin na faɗa a gaban mutane. Da na san abin da ke jirana da ban yi saurin yabon kaina ba.

Lahadi da hantsi gidan ya kacame. Anti ta fita karɓo wani burodi mai ruwan hoda da ake yi musamman don irin wannan rana. Mei tana sama tana taya Popo sa jar riga. Anti Haruko tana kan kujera tana liƙa takardu. Ni kaɗai ce ba aiki, ina zaune a falo kamar hoto. Kamar hoto! Muryar Mama ta tashe ni tsaye, na nufi kicin.

Romon kaza yana tafasa a sabuwar tukunya. A gefe ga wani dogon kwali siriri, an buɗe bakinsa. Na leƙa: taliya ce, siririya kamar zare, tsawonta daga kafaɗata zuwa yatsa, an ɗaure ta da jan zare. Na kalli taliya, na kalli tukunya. Ko makaho ya san ba za ta shiga ba. Na ce Allah sarki Anti, aiki ya yi mata yawa, ko karyawa ba ta samu ta yi ba.

Ku faɗa mini gaskiya, a cikinku akwai wadda ta taɓa ganin an sa taliya a tukunya ba a karya ba? Mama uku take karya ta, Gwaggo huɗu. Na wanke hannu, na zaro damin a hankali. Na lura sili ɗaya ya maƙale a can cikin lungun kwalin, ƙarƙashin naɗin takarda, amma sai an yaga takardar za a ciro shi, ni kuma ba na yaga kayan mutane. Na bar shi. Sauran na kwance jan zaren, na kama, ƙas, ƙas. Uku-uku, kai ɗaya, ko Mama sai ta yaba. Na jera a faranti, na share ɓurɓushi, na naɗe jan zaren na ajiye a gefe. Har kwalin na kai waje na sa a kwandon kwalaye, don aikina ba ya saura.

Ina goge tebur Anti ta shigo da akwatin burodi. Ta kalli farantin. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ajiye akwatin a hankali, ta dafa bakin wurin wanke-wanke. A kan tagar da ke gabanta akwai 'yar robar magungunan Popo mai gida bakwai, na Lahadi a buɗe. Ban san dalilin da ya sa idona ya tsaya a kanta ba.

Mei ta shigo, ta kalla, ta ce, "Sa'a. Me kika yi?"

"Tukunyar ce ƙarama," na ce.

Ita ta yi mini bayani, da raɗa, da sauri. Taliyar tsawon rai ce. Tsawonta shi ne tsawon kwanan mai biki. Ba a karya ta, ba a yanka ta, ko a baki ba a datse ta da haƙori, zuƙe ta ake yi har ƙarshe. Ba wanda ya gaya mini domin ba wanda ya taɓa tunanin sai an faɗa, kamar yadda mu ba ma ce wa baƙo kada ya sa hannun hagu a tuwo. Kuma wannan ba ta kanti ba ce. Ƙanwar Popo da ke Hong Kong, wadda ƙafa ta hana ta tafiya, ita ta aiko da ita, wani ya riƙo ta a hannu cikin jirgi don kada ta karye. Ta tsallake teku lafiya, ta zo ta gamu da ni. An kuma shirya za a kira ƙanwar a bidiyo ta ga yayarta tana ci.

Anti Haruko ta leƙo, ta gane, ta yi ƙoƙarin ceto na. "A wajenmu fa, taliyar ƙarshen shekara, in ta tsinke cewa ake wahalar bara ce ta yanke..."

"Nan ba wajenku ba ne, Haruko," in ji Anti, ba ta ko juyo ba. Sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Bara ta faɗi. Bana kuma wannan."

A nan na gane ba taliya take gani a farantin ba.

Aka fara shawara a kaina kamar ba na wurin. Anti ta ce za ta ruga kanti ta sayo wata, kada a gaya wa Popo. Mei ta ce Popo za ta gane tun daga ƙamshi, ƙanwarta ma za ta gane a waya. Sai ta ce, "Zan ce ni ce. Ni za ta yi mini faɗa ta manta." Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Yau ma za ta ba da amsa a madadina, amma na ji a muryarta wannan ne na ƙarshe.

Na sulale na zauna a matakala. Na yi tunanin kiran Gwaggo ta zo ta ɗauke ni, na tuna cewa gara Popo. Ina kallon jan zaren da ban san na riƙo shi a hannu ba, sai lungun kwalin nan ya faɗo mini.

Ban tsaya neman takalmi ba. Na fita da safa cikin ruwan Manchester, na buɗe kwandon, na zaro kwalin da ya fara jiƙa, na rungumo shi kamar jariri. Ban koma kicin ba, falo na nufa, domin na san in na tsaya a hanya ba zan ƙarasa ba. An riga an zaunar da Popo, baƙi sun fara cika, wajen mutum goma sha biyar. Na durƙusa a gabanta, wannan karon ba wanda ya duba kafet. Safata tana ɗiga.

"Popo, ni na karya taliyarki. Ba Mei ba ce. A gidanmu haka ake yi, ban tambaya ba. Ki yafe mini. Amma ina jin saura ɗaya."

Ba a jira Mei ta fassara ba, Popo ta ji da kanta. Ta miƙo hannu na ba ta kwalin. Ta sa farce ta yaga takardar a hankali, ta zaro silin da yatsa biyu, ta ɗaga shi sama. Yana nan cikakke, danshin ruwa ya ɗan lanƙwasa shi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Duka kika karya?"

"Duka."

"Gida nawa?"

"Uku-uku."

"Mai aiki ce," ta ce wa ɗakin. Wani tsoho ya tuntsire da dariya, matarsa ta zungure shi. Popo ta juya wajen Anti da ke tsaye a bakin ƙofa, ido jawur. Ta yi mata magana a harshensu, a hankali, doguwa. Daga baya Mei ta gaya mini abin da ta ce: "Babanki bai taɓa datse ko sili ɗaya ba, shekara sittin da biyu ya yi. Daina kallona kamar na riga na tafi. Rai nawa gare ni? Ɗaya. To dafa mini ɗayan."

Ban taɓa ganin an dafa abinci da irin wannan tsoro ba. Anti ta ɗauko kasko mai faɗi, ta zuba romo, ta kama kan silin ta tsoma gindinsa, yana laushi tana sakinsa kaɗan-kaɗan har ya naɗe da kansa. Ashe haka ake yi, ba ruwan taliya da girman tukunya. Mu huɗu muna tsaye ba mai numfashin kirki. Ni an ce in sa hannuwana a baya, na kuwa sa.

Aka kawo shi a kwano mai harafin nan, da jan ƙwai a gefe. Aka kira Hong Kong, wata tsohuwa mai kama da Popo sak ta cika waya da fuska. Popo ta ɗaga silin da tsinke ta nuna mata, ta faɗi wani abu, tsohuwar ta yi ta dariya har waya na girgiza. Sannan ta sa kansa a baki ta fara zuƙa. Ta tsaya a tsakiya ta huta, silin yana reto a haɓarta, Anti ta dafe ƙirji. Ta ci gaba. Da wutsiyar ta shige, falo ya ɗauki tafi, kowa yana faɗin kalmomin da na gani a jar takarda. Ni ma na ce "Ranki ya daɗe", da ƙarfi, har na tsorata kaina.

Sauranmu muka ci karyayyar da cokali. Tsohon nan ya ce shekara saba'in yana ɓata riga a bukukuwa, yau ne kawai ya tashi da tsabta. Anti ba ta yi dariya ba. Amma da ta zo wucewa ta ajiye mini busasshiyar safa a cinya, ta ce, "Sa, kada mamanki ta ce na mayar mata da ke da mura." Mei ta matso kujerarta ta jingina da tawa. "Kalma nawa kika yi ɗazu? Na so in ƙirga." Na ce ta yi mini shiru. Muka yi ta hira har burodin ya huce, ba "uhm" ko ɗaya.

Da Gwaggo ta zo ɗaukata, Popo ta riƙe hannuna. "Baɗi ki dawo. Falo za ki zauna, ba kicin ba. In ina nan."

Na ce, "In sha Allahu."

Ta tambayi Mei ma'anarsa, Mei ta faɗa mata. Ta ce, "Ai abin da na ce ke nan."

Kuskurena na biyu shi ne ba Gwaggo labari a bas. Ta yi dariya har direba ya leƙo ta madubi, ta ce, "Taliya dai? Taliyar da muke ba yara?" Sauran kun ji shi a gari, har da ƙarin da ban yi ba. Ban fasa tukunya ba, kuma ba wanda ya suma.

Ran Laraba na dawo daga makaranta na tarar Mama a kicin, ta dawo daga aiki ko kayan asibiti ba ta cire ba, ta kama damin taliya da hannu biyu. Ban san lokacin da na ce "Mama, kada!" ba. Ta tsorata har ta kusa yar da ita. Na yi mata bayani. Ta kalle ni ta ce, "Ke Sa'adatu, rai a hannun Allah yake, tukunyata kuma ƙarama ce." Ƙas, ƙas.

Gaskiyarta ce, na sani, Malama, ba sai an tuna mini ba. Amma a tsaye kusa da ita na ga furfura uku a gefen ɗankwalinta, waɗanda babu su bara. Da ta juya ɗauko gishiri, na zari sili ɗaya daga leda, na tsoma gindinsa a ruwan, na rinƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Wajen rabo na neme shi na sa a farantinta. Tana ci tana ba Baba labarin aiki, sai ta ja wani abu ya ƙi ƙarewa. Ta ce, "Wannan kuma ta ina ya tsere mini?" Ta zuƙe shi har ƙarshe.